Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Na auna da agogon aljihun
da kamfanin jirgi ya ba ni ranar sallama:
daƙiƙa goma sha ɗaya.
Iyakar zaman sabon jirgi ke nan a idon Valdecuervo,
fari fat, da hanci kamar bakin agwagwa.
Kafin ka ɗaga kai ya bar mana iska
tana kaɗa shanyar Eulalia a kan igiya.

Shekara talatin da huɗu ina juya ƙarfen dogo a tashar nan.
Na san jirgin ƙarfe shida da tarinsa,
na san na tara da rabi mai tsayuwar minti bakwai
don Saturnino direba ya kurɓi gahawa a tsaye,
ya aje kofi a taga. Ban taɓa ganin ya biya ba.
Mata su hau da cuku da ƙwai a kwando,
su sauko da takalman yara da labarin asibiti.
Jirgin ba ya sauri.
Ai mu ma ba ma yi.

Sai ga mutanen Madrid da taswira a naɗe,
da hulunan kwano, da takalma marasa laka.
Aka karanto miliyoyin yuro a zauren taron gari
har Leocadio mai tumaki ya ɗaga sanda:
"Sifiri nawa ke nan, a maimaita?"
Suka ce kowa na da rabo.
Nasa rabon ya zo: gada mai ƙafa arba'in
da shingen waya sun tsaga gonarsa biyu.
Yanzu zagayen kilomita uku yake yi
ya kai garke ruwan da yake hange daga ƙofar gida.

Tasha kam an gina, ba su yi ƙarya ba,
can kilomita ashirin da biyu a tsakar alkama,
gilashi sama da ƙasa,
da matakala mai tafiya da kanta.
Ba mai hawa, tana ta tafiya.

Tamu aka buga mata kwaɗo.
Wai jirgin ƙarfe shida ba ya fid da kuɗin mansa.
Yaushe aka fara tambayar rijiyar gari riba?

Eulalia na da wankin ƙoda Talata da Juma'a.
A da minti hamsin ne, tana saƙa a bakin taga.
Yau sai ɗan maƙwabci ya tayar da mota,
ina tura masa kuɗin mai, yana maido mini,
kunya na cin mu mu biyu har ƙofar asibiti.

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Jikata Nerea, wadda Madrid ta haɗiye shekara shida,
ta dawo da akwatunanta cikin Afrilu.
"Minti arba'in da takwas ne kacal, Kaka."
Ta kama benen gidan tsohon likita,
ta fita da asuba, ta ci abincin dare da mu.
Ciki ya fito.
Makarantar da ta rage yara tara
ta fara ƙirga na goma tun bai ga duniya ba.

To, ya zan kira hannun
da ya ƙwace mini sanda ya miƙo mini jariri?

Da la'asar nakan taka zuwa tsohon dandamali.
Ciyawa ta kai gwiwa tsakanin ƙarafa,
shamuwa ta yi sheƙa a kan bututun ofishina,
ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ba a sallama ba.
Na tambayi Nerea ko tana hango ni daga gada.
Ta yi dariya: "Garin duka ƙiftawa ɗaya ne."

Jar tutata na nan a ƙasan akwati,
asu ya ɗan taɓa gefenta.
Jiya na fito da ita, Eulalia ta goge.
Na ce wa yarinyar ta zauna ta hagu,
in an wuce gonar Leocadio
kada ta ƙifta.